Makullin Famfo a Wuyan Dada

Tun ranar da na sauka daga motar Yola ban huta da tambaya ba. A makarantar matan aure tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mini atamfa daga kasuwa sai da ya ce, "Hajiya Asabe, da gaske ne a Adamawa ƙwai yana dahuwa a rana?" Amsata ɗaya ce ga kowa: lafiya lau, sai dai zafi. To ƙarya nake yi. Ba lafiya lau ba ne, kuma na gaji da maimaita ƙaryar. Ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, don Allah kada a sake tare ni a hanya.

Ƙanwata Rabi ce ta kai ni. Ita ce autarmu, ni na goya ta. Ta auri wani Bafulatani mai gyaran babur, Buba, ɗan wajen Madagali, wanda ya koyi sana'a a nan Kano, ya tafi da ita garinsu. Da 'yan bindigar daji suka afka wa garin, da ƙafa suka gudo, ita da shi da tsohuwarsa, har suka samu masauki a wani ƙauye can bayan Vinikilang, tsallaken kogi daga Jimeta. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen kirki ne, ba na so a riƙa nuna su. Da aka ce abubuwa sun lafa, Buba ya koma ya duba gonarsu, ya ce ba zai daɗe ba. Shekara ta biyar ke nan ba shi ba labarinsa. Ya bar Rabi da yarinya ɗaya, Ummi, da kuma ciki. Yaron da ta haifa a bayansa bara da rani ya rasu, gudawa da amai. Bana kuma sai ga waya, an kwantar da Ummi a asibiti, ciwon nan dai.

Na ce, "Rabi, wane irin ruwa kuke sha?"

Ta ce na wani tafki ne a gefen kogi.

"Ba ku da famfo a garin?"

"Akwai. Ya lalace."

"To a gyara mana."

Ta ce, "Yaya, ba za ki gane ba." Duk wanda ya san ni ya san ba a gaya mini wannan magana in zauna. A ranar na ɗaure kaya.

A mota, kujerar mutum uku aka cusa mu huɗu, ni kuma Allah bai yi ni ƙarama ba. Wadda ta sha matsi a gefena wata doguwar mata ce 'yar Jimeta, ta zo saro kwanuka. Adda Mairo sunanta, Adda kuwa a bakinsu shi ne Yaya a namu. Tun daga Wudil jakata mai ƙarfe ke danne da ƙafarta, ba ta ce uffan ba. Sai da muka tsaya sallah a Gombe na ga tana ɗingishi. Na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki magana?" Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, kai ma ai ba da gangan ka yi ba." Na waiga in ga da wane namiji take. Ashe da ni take. Can haka Hausar yawancinsu take, mace kai, namiji kai. Tun ina jin haushi har na saba.

Daga Gombe zuwa Kaltungo da sauƙi. Daga nan wani wuri kwalta, wani wuri rami, cinyoyina duk suka yi tsami. Bayan Cham, wajen iyakar Gombe da Adamawa, muka tarar da shinge. Aka ce kowa ya sauko da kayansa da katin shaidarsa. Ina da wani bokitin fenti da na cika da yajin tafarnuwa na kai wa Rabi, na naɗe murfin da leda. Wani jami'i ya nuna shi da baki ya ce mene ne. Na ce yaji. Ya ce in buɗe. Na ce, "Ɗana, ka ja baya tukuna." Bai ja ba, ya ma sunkuya. Atishawar da bawan Allahn nan ya yi har hularsa ta faɗi. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, suka ce mu wuce. Dariyar da na yi ke nan ta ƙarshe mai daɗi a tafiyar.

Da yake maganar famfo ce a raina, sai idona ya riƙa kama su a bakin hanya. Kusan kowane ƙauye da famfon tuƙa-tuƙa, da allonsa mai ɗauke da sunan waɗanda suka yi. Wani an ɗaure akuya a jikinsa, wani an shanya wando a hannunsa, wani ma an cire kan gaba ɗaya, sai siminti. Kusa da su kuma ga mata da jarkoki a ka sun nufi rafi. Direba ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da wuyanki, haka za ki yi ta gani har Mubi. Ranar buɗewa a yi kiɗa a ɗauki hoto. Randa ya lalace kowa ya ce ba nasa ba ne." Na ce a raina to shi ke nan, na Rabi ma rashin mai tsawatawa ne. Ga ni nan zuwa.

A Numan na ga kifin da ban taɓa ganin irinsa ba, amma direba ya hana mu sauka. Mun shiga Jimeta bayan magariba. Zafin garin ba irin namu ba ne, iskar ma kamar daga murhu take fitowa. Na tsaya ina kiran adaidaita, yaran tasha suna kallona, sai da Adda Mairo ta ce musu keke nake nufi. Ta ce ba za ta bar ni in tsallaka kogi a wannan lokaci ba, ta tafi da ni gidanta a Damilu.

A nan na yi abin kunya. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki ni kaɗai, aka kawo tuwon masara da miyar kifi, kowa ya fice. Mu a gida baƙo da mai gida hannu ɗaya suke sawa a kwano, kuma in ka cinye abinci ka girmama wadda ta dafa. Na share kwano tas. Yarinya ta leƙo, ta ɗauka, ta sake cikowa. Na ce oho, karamci ne, na daure na cinye. Ta sake kawo kunun gyaɗa a wata ƙatuwar roba. Ina cikin kokawa da shi Allah ya sa na ji ƙaramar 'yar gidan tana kuka a tsakar gida, ana lallashinta. Tuwonsu na dare na cinye. A wurinsu baƙo yakan rage, in bai rage ba to bai ƙoshi ba, kuma ba mai ce masa ya isa. Da safe na ba Adda Mairo haƙuri, ta rufe bakinta da gyale ta ce, "Wallahi mun ji daɗi da ka ci." Na ce a raina mutanen nan ko wuta ce ta kama zaninsu sai sun gama gaisuwa.

Keke ya ɗauke ni ya haye gada. Kogin ya janye, sai yashi da fadamun alayyafo. Muka wuce Vinikilang, muka bar kwalta, muka bi wata hanya tsakanin gonaki har mai keken ya ce iyakarsa ke nan.

Ban gane Rabi da farko ba. Yarinyar da muke tsokana da suna Tulu saboda ƙiba, yanzu zobenta a babban yatsa take sa shi. An sallamo Ummi, tana zaune a inuwa, wuya siriri, idanu sun faɗa. Na ɗaga ta, ba nauyi. Surukar Rabi, wadda duk garin ke kira Dada, tana zaune a ƙofar gida a kan wata 'yar kujera. Ƙaramar tsohuwa ce mai tsafta. Ta riƙe hannuna ta yi ta jero gaisuwa, rabi Hausa rabi Fulatanci, ni dai ina ta cewa jam, jam, wato lafiya, kamar yadda Adda Mairo ta koya mini. Ba ta kalli fuskata sosai ba. Hanyar da ta shigo gari take kallo, kuma tsakaninta da hanyar ga famfon nan a tsaye.

Wallahi ban taɓa ganin famfo mai tsafta irinsa ba. An kewaye shi da shingen kara sabo. An share dandamalin simintin, ba ko tsinke. A jikin wani ɗan bango an rubuta dokoki da fenti: a cire takalmi, ba a wanki a nan, ba a shayar da dabba. Na cire takalmina kuwa, na kama hannun na tuƙa. Sakayau, ba nauyi, ba ko ɗigo. Kan famfon an naɗe shi da sarƙa an datse da wani ƙaton ƙwado.

Rabi ta ce ranar Juma'a kwamitin ruwa zai zauna. Na ce wane kwamiti, na wane ruwa? Ta ce tun da ƙungiyar agaji ta haƙa rijiyar, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika garin, aka kafa shi, rabi 'yan gari rabi baƙi, kuma ba su taɓa fasa zama ba. Su ke sa a share wurin, su ke sabunta shinge. Damina biyu ke nan suna kula da famfon da ba ya ba da ruwa.

Na je zaman ba a gayyace ni ba. Shugabansu wani dattijo ne manomi, Bappa Sali, ɗan asalin garin, mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da wani daga barci. Na bari aka gama addu'a, na ce, "Bappa, kuɗin gyara ne babu?"

Ya ce, "Akwai. Kowane gida yana bayarwa, ba a taɓa ba."

"Mai gyara ne babu a Jimeta?"

"Suna da yawa, Adda."

"To me ake jira?"

Duk suka sunkuyar da kai. Can Bappa Sali ya ce, "Makulli yana wurin Dada."

Da ƙyar na tattaro labarin daga bakinsa. Da za a kafa kwamiti, Buba aka zaɓa mai kula da famfo, tun da ya san ƙarfe. Aka koya masa gyara, aka ba shi akwatin kayan aiki. Shi ya sa sarƙa da ƙwado saboda masu satar ƙarfe suna kai wa 'yan gwangwan. Ranar da zai tafi duba gona ya zura makullin a igiya, ya rataya wa uwarsa a wuya, ya ce ta riƙe masa amana har ya dawo. Famfon ya ci gaba da aiki bayan tafiyarsa, sannan wata rana ruwa ya fara raguwa, ya ɗauke. Bappa Sali ya ɗauki mutum biyu suka je wurin Dada. Suka gaishe ta, suka tambayi jiki, suka tambayi zafi, daga ƙarshe suka ce famfo ya tsaya. Ta ce musu, "Mai shi yana hanya." Suka ce Allah ya kawo shi lafiya, suka tashi. Maganar ke nan har yau.

Na ce, "A fasa ƙwadon mana. Guduma ɗaya ce."

Ya ce, "Adda, ka ga inda ƙofarta take. In na ɗora guduma a kan ƙwadon nan, na gaya mata ɗanta ya mutu ke nan, a gaban kowa. In na kawo wani ya sa hannu a aikinsa, haka. Matar nan da ƙafa ta zo mana, ba ta da kowa. Ni mai masauki ne. Ba a bakina za ta ji ba. Mutanenta suna nan, su faɗa."

Na juya wajen mutanen nata. Wakiliyar matansu, wata Goggo Hawwa da suka gudo tare, ta ce, "Mu baƙi ne. Famfon a ƙasarsu yake. In sun ce a fasa, ba za mu hana ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku kuna ta sunkuyar da kai, ɗan ƙanwata yana kabari."

Bappa Sali bai ɗago ba. Ya ce, "Jikata ma tana kusa da shi. Ita ta riga shi."

Na zo da shirin yin faɗa da marasa kula, sai na tarar da mutanen da suka binne nasu kuma suka dawo suka share dandamali. A unguwarmu da famfon masallaci ya lalace, kafin la'asar an zagi juna, an fasa ƙwado, an kira mai gyara, washegari kuma aka shirya a wurin ɗaurin aure. Mu ma muna da kunya, amma tamu ba ta jure ƙishirwa. Har yau ban san ko in raina mutanen nan ko in girmama su ba.

Na ce wa Rabi ta haɗa kayanta mu tafi Kano. Ta ce, "Yaya, ni matar mutum ce. Ba a sake ni ba, ba a ce mini ya mutu ba. In na tafi wa zai ɗebo wa Dada ruwa?" Na ce to ki ba ni Ummi. Ta ce Dada ba ta iya cin abinci sai yarinyar na gabanta, ita ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba.

Na bi ta tafkin na gani da idona. Tafiya ce mai nisa cikin rana. Shanu a ciki har gwiwa, yara suna wanka a gefe, mata suna kore kainuwa da ƙwarya suna ɗiba. Ruwan kalar kunun kanwa. A gida Rabi tana jefa alif ya kwanta, ta tace da tsumma. Tafasawa sai in an samu itace, itacen kuma saye ake yi. Na aika mai keke Jimeta ya kawo mini ruwan leda buhu-buhu, na ce Ummi kada ta sha komai sai shi. Amma yaro ba a ɗaure shi. Ta je wasa maƙwabta, ƙishirwa ta kama ta, aka ba ta abin da ke randa. Ban cika mako a garin ba, wata rana da hantsi na ga ta durƙusa a bayan ɗaki tana amai, Rabi ta riƙe mata goshi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fita ƙofar gida, na durƙusa a gaban Dada, ko gaisuwa ban tsaya yi ba.

Na ce, "Dada, makullin famfo na zo karɓa."

Ta dafa ƙirjinta inda yake a ƙarƙashin riga. Ta ce, "Ba nawa ba ne. Ajiya aka ba ni."

"Na sani. Jikanki ɗaya ya tafi saboda ruwan tafki. Ga ɗayar can tana amai."

"Yana hanya. In ya zo, rana ɗaya zai gyara."

Rabi ta fito ta tsaya a bayana, ta ce, "Yaya, don Allah." Ban saurare ta ba.

Na ce, "Dada, shekara ta biyar. Kin san ɗanki. Da yana numfashi a duniyar nan, ko a rarrafe ne da ya zo, ko ya aiko. Buba ba zai dawo ba. Allah ya ji ƙansa."

Na ji Rabi ta koma ciki da gudu. Matan da ke wucewa da jarkoki suka tsaya, sannan suka juya baya kamar ba su ji ba. Dada ba ta yi kuka ba. Sai ta jawo igiyar, ta yi ƙoƙarin cire ta ta kai, ɗankwali ya tare. Igiyar ta yi baƙi, ƙullin ya cije. Ta sa 'yan haƙoran da suka rage mata ta yi ta gurgura har ta tsinke. Ba ta miƙa mini a hannu ba, a ƙasa ta ajiye tsakaninmu. Ta ce, "Kowa a garin nan ya sani. Ni ma na sani. Kai ne kawai ka faɗa." Ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki.

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin har da jin na yi abin kirki. Na kai wa Bappa Sali makullin. Ya karɓa da hannu biyu, bai ce na gode ba, bai kuma ce don me ba. Muka sa Ummi a keke aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Ni kuma na kira Adda Mairo, ta haɗa ni da wani mai gyaran famfo a Jimeta, Iliya, mutumin Numan.

Ranar da Iliya ya zo, garin duka ya fito. Mata har sun jera jarkoki a bakin shinge. Aka buɗe ƙwado, aka buɗe akwatin Buba, sifanu a jere, kowanne a naɗe da tsumma mai mai. Iliya ya cire kan famfon, ya leƙa, ya tambayi tun yaushe ya tsaya. Da aka gaya masa sai ya yi tsaki a hankali. Ya ce yadda aka kwatanta masa, roba ce kawai ta cinye a can ƙasa, amma sai an zaro bututun duka kafin a kai gare ta, kuma ƙarfen da ya daɗe haka a tsaye cikin ruwa ba shi da tabbas. Ya ce a yi addu'a.

Samari suka kama, ana ɗagowa ana kwancewa gaɓa-gaɓa. Na farko ya fito ja wur da tsatsa. Na biyu ya fito. Ana cikin ɗago na gaba sai na ji wani ɗan ƙas, ba ma da ƙarfi ba, samarin suka yi baya da guntun bututu a hannu. Sauran duka, da tukunyar da ke turo ruwan, suka sulale. Mun ji ƙararsu tana nisa, tana nisa, sannan shiru.

Iliya ya wuni yana zura ƙugiya. Ya koma Jimeta ya aro wata, ya dawo washegari ya sake wuni. Sau ɗaya ya kamo, ya ɗago kaɗan, ya sake kuɓucewa ya ƙara cushewa. Da la'asar ya wanke hannu da ruwan ledata ya ce wa Bappa Sali, "Baba, ramin nan ya toshe. Sai dai sabo." Bappa ya tambaye shi, da a farkon tsayawarsa aka kira shi fa? Iliya ya ce, "Da kafin azahar na gama." Na so a ce bai amsa ba. Sabon rami kuwa ya fi ƙarfin abin da garin zai iya tarawa, ƙungiyar da ta haƙa na farko ta daɗe da kwashe kayanta, wasu da Bappa ya nema suka ce yanzu aikinsu ya koma can arewa inda mutane ke komawa gida. Mata suka ɗauki jarkokinsu ɗaya bayan ɗaya suka nufi tafki, ba wadda ta kalle ni.

Dada ta aika a kira liman. Ta ce a yi wa ɗanta addu'a, a yi sadaka. Liman ya ce za a kai maganar gaban alƙali, in ya yanke Rabi ta shiga takaba a ɗakinta. Aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa daga ƙauyukan kewaye. Masu gaisuwa kuwa sai an ba su ruwa. Ni da Rabi da Goggo Hawwa muka yi ta sintiri tafki muna ɗebo wa masu ta'aziyyar mai gyaran famfo ruwan da shanu suka taka. A hanya Rabi ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ɗauke wa tsohuwa abin da take tashi dominsa kowace safiya, na mai da ƙanwata mai takaba, kuma ko kofi ɗaya na ruwa ban samar musu ba. Na san in aka mai da ni ranar, da yarinyar tana amai, haka zan sake faɗa. Wannan sanin bai rage mini komai ba.

Ranar da zan taho na shiga yi wa Dada sallama. Tun ranar makulli ba ta sake zama a ƙofar gida ba. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba." Ta sa aka ba ni kindirmo a ƙwarya da 'yar gyaɗa a ƙulli, wai kada in tafi hannu wofi.

Na kai bakin hanya, keke yana jira, sai ga Dada tana tahowa a hankali, riƙe da hannun Ummi, ɗaya hannun da ƙullin kayan yarinyar. Rabi tana biye tana share ido. Ban roƙa ba, wallahi ban ko ɗaga maganar ba. Dada ta sa hannun Ummi a cikin nawa, ta ce, "Ajiya biyu ya bar mini. Ɗaya na riƙe har ya lalace. Tafi da wannan tun yana da sauran amfani." Ta juya ba ta jira keken ya tashi ba. Ummi ta yi ta kiran sunanta har muka hau kwalta.

Na komo ta hanyar da na bi, ba abin da zan iya tunawa a cikinta.

Rabi tana takaba yanzu. Muna waya, gajeriya. Ta ce kwamiti yana nan yana zama, sun rufe bakin ramin da faifan ƙarfe kada yara su jefa duwatsu, ko Allah zai kawo mai iya ciro bututun. Ta ce an kwantar da yara biyu na gidan Goggo Hawwa. Ta ce Dada ba ta cin abinci sosai.

Ummi kuwa ga ta nan a gidana, waɗanda suka zo sun gan ta, kumatu sun fara fitowa. Na sa ta a makaranta. Abu ɗaya ne na kasa raba ta da shi. Duk lokacin da na ba ta ruwa, sai ta sha rabi, ta rufe kofin da murfin kwano, ta tura shi ƙarƙashin gado. Na tambaye ta, ta ce na Dada ne, mai kyau ne, in za mu koma ta kai mata. Kullum in ta tafi makaranta nakan sunkuya in jawo kofunan in zubar, in wanke su kafin ta dawo.